Gidan da Kawu Tsunehiko Ya Tuna

Kawu Tsunehiko ya ce ko ɗaure masa ido aka yi zai iya zana gidanmu na garin Onomichi katako bayan katako, har inda ƙusa ta yi tsatsa. Ya ce shi kansa ba ya zubar da komai, wani likita ma ya taɓa roƙonsa ya bar wa jami'a ƙwaƙwalwar in ya gama da ita. A tasha ya faɗa mini haka, muna tsaye cikin yayyafi, domin lemarsa ta wuce a cikin motar da ta sauke mu.

Daga gidan kula da tsofaffi muke, wurin Kaka Kikuno, wadda ta haife shi ta haifi uwata. Kaka ta haura casa'in. Cutarta ɗaya ce: kullum rana ta karkata sai ta sa kwat, ta rataya jaka, ta je bakin ƙofa ta ce za ta gida. Gidan kuwa tun ina goye aka rushe shi. Yawanci ma'aikata kan lallaɓa ta da shayi ta koma, amma a makon nan ta fice ba wanda ya gani. A gefen layin dogo wani mai raba wasiƙu ya tsince ta, tana tambayar mutane ina matakalar da ake bi a hau tudu. A unguwar Fukuyama ɗin da take, ko kwalba ka kwantar a ƙasa ba ta gangarawa.

Ogaki-san, matar da ke kula da ita, ta zaunar da mu ta yi ta sunkuyar da kai tana ba da haƙuri, kamar ita ce ta gudu. Daga ƙarshe ta ce in abin ya sake faruwa dole su mayar da Kaka hawan sama. Na san hawan saman. Ƙofarsa da lamba ake buɗe ta, tagoginsa kuma ba sa buɗuwa fiye da tafin hannu. Kaka ko a tsakiyar sanyi sai ta wage taga ta ji abin da gari yake ciki.

Ni na ce tunda ba za ta iya zuwa gidan ba, bari gidan ya zo. A shagon wanki da guga nake aiki, a samansa nake kwana, kuma tun da na bar makaranta nake ƙera ƙananan abubuwa, kujerar da ba ta kai babban yatsa ba, tukunya daga murfin man goge baki, irin su. Ba wanda ya koya mini, littattafan laburare ne da yankan yatsa. Sai dai gida sukutum ban taɓa yi ba, wannan ma ban san kamarsa ba. Uwata ta rasu, hoto babu. Kaka kuwa in ka tambaye ta kai tsaye sai ta ce, "Gida ai gida ne," ta ci gaba da ɓare lemonta. Saura Kawu.

"Kin zo wurin," in ji shi, ruwa na sauka ta kan hancinsa. "Ke hannu, ni kai."

Ranar hutuna ta farko ya hawo ɗakina da wata hula mai laushi irin ta masu zane, ya karkatar da ita gefe guda. Shekara da shekaru yana sayar da inshorar motoci ban taɓa ganinsa da ita ba. Ya zauna a kan matashina, wanda shi kaɗai ne a ɗakin, ya ƙare wa kayan aikina kallo kamar mai duba kifin jiya.

"Chigusa, ki sani ba gidan kowa da kowa za ki gina ba. Ginin zamanin Sarki Taisho ne, lokacin da kafinta yake kafinta. Ɗauko takarda ki rubuta."

"Ba na rubutu, Kawu. Faɗi kawai."

"Abin da ya hana ki zuwa jami'a ke nan."

"Shi ne."

Ya gyara murya ya rufe ido. To a nan ne abin ya ba ni mamaki, domin yana rufe ido sai muryar inshorar ta sauka, wata ta fito daga ƙarƙashinta, ƙarama, mai tafiya a hankali. Ya ce akwai ƙofar waje mai ɗan rufin kanta, in ka tura ta tana kuka sau ɗaya ta yi shiru. Daga nan duwatsun takawa, kullum a jiƙe, domin da yamma ake yayyafa musu ruwa. Wata bishiya ta sunkuyo a kansu, sai ka duƙa ko kai yaro ne. Zaure mai sanyi, warin dutse da turaren tsinke. Sannan doguwar baranda ta katako wadda aka goge har ta zama kamar ruwa, in ka taka da safa sai ka ji kana son zamewa amma ba ka isa ba. Gilashin tagoginta ba daidai yake ba, yana da 'yar igiya a cikinsa, don haka teku in ka hango shi ta ciki rawa yake yi, jiragen fito su miƙe su lanƙwashe kafin su kai tsibiri. A ƙarshen barandar agogon bango, mai bugawa kamar yana jin nauyin damun mutane.

Ya buɗe ido, ya taɓa hularsa ya tabbatar tana nan.

"Kin ji ƙwaƙwalwa," ya ce.

Na ji. Ban gaya masa ba, amma na yarda da shi.

Da safe nake aikin, kafin a buɗe shago, lokacin da haske ke shigowa ta taga a kwance. Na fara da falanki, na kafa ginshiƙai na siraran katako, na jiƙa su da ruwan shayi mai kauri da tsatsar ƙusa har suka yi duhun gidan da aka daɗe ana hura wuta a ciki. Tabarmin ɗakuna na yanko su daga wata malafa da mai ita ya kawo wanki ya manta da ita tun kafin a ɗauke ni aiki. Ƙofofin takarda kuwa da farar takardar da muke sa wa riguna a ƙirji na yi su, sai ka riƙe numfashi kafin ka manna ko wace, in ba haka ba ta tashi sama ta bar ka da hantsaki a hannu. Gilashin ne ya wahalar da ni. Na yi ta lalata robar kwalin alewa, har wata rana na ɗora mata ƙyalle na shafa dutsen guga sama-sama, ta ɗan narke ta yi igiya. Na ɗaga ta na leƙa titi, sai na ga mai keke ya miƙe ya lanƙwashe.

Tun daga lokacin na rage zama a inda nake. In na kwantar da kumatu a kan tebur na sa ido ɗaya a ƙofar zauren, ɗakina sai ya tafi. Tururin guga yana tasowa daga ƙasa ta tsakanin katakon daɓe, ya ratsa barandar kamar hazon teku, ni kuma ina tsaye a ciki da safa, wani ya bar ƙofa a ɗan buɗe, shayinsa bai huce ba, yanzun nan ya fita. Ban taɓa ganinsa ba. Kullum yanzun nan ya fita. Ko ina ƙasa ina goge rigar wani ma'aikacin banki, rabin jikina yana can yana tafiya zuwa wajen agogon da ban ma ƙera ba tukuna. Uwar ɗakina, mai shagon, ta ce in na ƙone wuyan riga ɗaya, da ni da gidan za mu koma zama a tasha.

Kawu yana zuwa duk hutu, kullum da sabuwar kalma da ya tsinto a littafi. Ya duƙa a kan ginshiƙai ya ce, "Wannan ba launin tsufa ba ne, launin datti ne. Akwai bambanci."

"Mene ne bambancin?"

"In kin girma za ki gane."

Sau ɗaya ya ce bari ya nuna mini yadda ake manna katako. Hannun rigarsa ya manne da baranda, sai da na sa reza. Daga ranar hannunsa a baya yake goye shi, ya ce shugaban aiki ba ya taɓa aiki.

Da muka gama zaure da baranda da babban ɗakin baƙi, mai lungun da ake rataya zane a sa fure, na tambaye shi sauran.

"Kawu, ina kuke kwana?"

"A ɗaki."

"Wanne?"

"Chigusa, mai zurfin tunani ba ya tuna barci. Barci ai ba ka nan ake yinsa."

"To ɗakin girki?"

"A zamaninmu namiji ba ya shiga ɗakin girki."

"Sama fa?"

"Sama ta manya ce. Ki sa abin da ya dace da gida mai daraja, kar ki dame ni da ƙananan tambayoyi."

Gida ne da komai nasa ƙarami, amma ban ce ba. Na koma laburare na cike gurbin da abin da na samu: murhun laka, tulun jiƙa kayan lambu da dutse a kan murfinsa, shimfiɗu a naɗe cikin kabad. Ɗakunan sun yi kyau, sai dai in na sa ido a cikinsu ba kowa. Ba wanda ya fita yanzun nan.

Wurin wanka kuwa ba sai na tambaya ba. Shi ya kawo maganar, ya rufe ido ya daɗe. Ya ce bahon katako ne mai ƙamshi da ake kira hinoki, mai zurfi, in yaro ya zauna ruwa har haɓa. Taga 'yar ƙarama can sama, tururi na fita ta cikinta, in ka ɗaga kai ka ga sama ta yi shuɗin yamma. Ƙasa da sanyi, bango da ɗumi. Ana jin itace na fashewa a murhun da ke bayan bango, ana jin kukan jirgin ruwa daga nesa, kai kuma ba ka da nauyi ko kaɗan.

"Ruwan kullum ɗumi-ɗumi, ba ya ƙuna," ya ce. "Manyan gida ba sa dafa kansu kamar ƙaguwa."

Mako na gaba ya zo da wani kofin katako mai kusurwa huɗu, irin wanda ake shan giyar shinkafa a biki, ya ajiye mini a tebur da hannu biyu.

"Hinoki ne na gaske. Na bikin aurena ne. Ki yanka."

"Goggo ta sani?" na ce, ina nufin matarsa.

"Goggonki ba ta san darajar tarihi ba."

Na sa zarto. Ƙamshin da ya tashi ya cika ɗakin, kamar daji bayan ruwa. Kawu ya juya ya fuskanci taga, ya ce wani abu ya faɗa masa a ido. Na ƙyale shi. Na rage katakon na haɗa ɗan baho, na ɗaure shi da zaren tagulla, na yi masa murfi da guga da 'yar kujerar tsuguno. Ban shafa masa komai ba don kar ƙamshin ya mutu.

A tsakanin nan ina zuwa wurin Kaka. Ranar da na gama bahon na same ta a bakin taga, ta kama hannuna ta shinshina.

"Warin gam kike. Gyaran takalma kika koma?"

"Gida nake gina miki, Kaka."

"Ke? Ke da ko shinkafa sai ta gudu ta bar miki tukunya."

"Kawu ne ke nuna mini."

"To," ta ce. Ta ɓare lemo ta ba ni rabi. "Ki riƙe tsani da kyau."

Da hasken taga ya fara yin ja sai ta miƙe, ba gaggawa, ta ɗauko kwat. Na ce zan raka ta. Muka yi ta zaga barandar gidan tsofaffin, mu wuce ɗakin cin abinci mu dawo, tana gaishe da kowa kamar mai tafiya ta gaske, har ƙafarta ta gaji ta yarda ta zauna ta huta tukuna. Da zan tafi Ogaki-san ta biyo ni har wajen takalma. Ta ce shekaranjiya a wurin ajiye motoci ta kamo Kaka.

"Ban gani ba," ta ce, tana gyara silifas ɗin baƙi da ba su karkace ba. "Amma Chigusa-san, idona ba zai iya rashin gani sau biyu ba."

Na koma na hau rufi. Kowane fale, wato tayil ɗin rufin, da lakar takarda na yi shi, in danna a jikin fensir ya lanƙwashe, in shanya a kan jarida, in shafa masa toka-toka. Na jera gaba na gama, na juya gidan, sai ga bayansa fari fat, falanki tsirara.

"Bar shi," in ji Kawu. "Bango za a jingina shi. Wa ke kallon bayan gida?"

"Ni ba na iya barin abu tsirara. Me ke nan bayan?"

Ko ido bai rufe ba. Yana duba farcensa ya zayyano mini: bututun hayaƙin wurin wanka, ya karkace an ɗaure shi da waya. Wani wuri a rufi da fale ya fashe aka lulluɓe da kwano, kwanon ya yi ja. Gangar tarar ruwan sama, koriya. Itace a jere ƙarƙashin rumfa. Sandar shanya, da wata bishiyar lemo da ba ta taɓa yin abin kirki ba.

"Duk shirme ne," ya ce. "Kar ki ɓata mini gida da su."

Na sa su duka. Kwanon daga gwangwanin shayi na yanko, na bar shi cikin ruwan gishiri ya yi tsatsa. Bututun kuwa tsinken shan lemo ne, na karkatar da shi na ɗaure da waya. Kawu ya gani ya ce ba komai, ai za a jingina.

Ranar kaiwa uwar ɗakina ta ara mana motar shago. Na zauna a baya tsakanin rigunan mutane masu lilo a cikin leda, gidan a kan cinyata, na lulluɓe shi da zanen gado. Duk ramin da muka faɗa sai in ji ƙananan kofuna suna ƙara a ciki, kamar mutanen gidan suna shirya shayi. Kawu yana gaba cikin kwat da wando da hularsa, yana bitar jawabi. Na ji "zuriya" na ji "gado", na daina saurare.

Da gangan muka zo da yamma. Mun samu Kaka ta riga ta sa kwat, jaka a kafaɗa, Ogaki-san na tsaye tsakaninta da ƙofar ɗaki da kofin shayi da murmushi.

"Inna, zauna," in ji Kawu. "Yau ranar tarihi ce."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu."

"To me ya sa ka sa wannan abu a ka?"

Ta zauna dai, a bakin kujera, irin zaman mai jiran mota. Muka ɗora gidan a kan tebur gabanta. Kawu ya fara jawabi, ni na janye zanen na buɗe fuskar gidan na kunna ƙananan fitilun, sai jawabin ya tsaya shi kaɗai.

Ni ma ban taɓa ganinsa a wani ɗaki ba sai nawa. Hasken yamma ya shigo ta tagar Kaka ya kwanta a kan barandar, ya ratsa gilashin mai igiya ya zube a kan tabarmi yana rawa. Ƙofofin takarda suka ɗauki haske kamar fatar lemo. Agogon yana can ƙarshe. Duwatsun takawa na shafa musu man sheƙi, sai suka zama kamar yanzu aka yayyafa musu ruwa.

Kaka ta daɗe tana kallo. Sannan ta gyara wuyan kwat ɗinta, ta shafa gashinta, ta kai yatsa bakin ƙofar waje ta tsaya. Ta ɗan sunkuyar da kai.

"Gafara dai, masu gida," ta ce a hankali.

Kawu ya karkato wajen Ogaki-san. "Kin ga tarbiyyar da. Ko gidanta sai ta nemi izini."

Yatsan ya bi duwatsu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a zaure kamar mai cire takalmi, ya bi baranda ta gefe-gefe, bai leƙa ɗakin baƙi ba, bai hau sama ba, ya zarce wurin wanka. Ta ɗaga murfin bahon da farce. Ta kawo fuskarta kusa ta ja numfashi, ta rufe ido. Can wani ɗaki talabijin na magana, a waje wani na tura keken abinci, mu kuwa muna tsaye muna kallon tsohuwa tana shinshina kofin bikin Kawu. Ta mayar da murfin daidai yadda ta same shi.

Sai ta kama jakarta ta fara miƙewa.

Na dubi Ogaki-san, ita kuma ta dubi ƙofa. Amma Kaka ba ƙofa ta nufa ba. Ta dafa tebur ta zaga ta bayansa, ta leƙa, ta tsaya.

"Ku juya shi," ta ce.

"Inna, nan ne gaba," in ji Kawu. "Can ba komai."

"Chigusa, juya shi. Ki sauke ƙasa."

"Ƙasa, Kaka?"

"Kin taɓa ganin an kalle shi daga ƙasa? Sauke."

Ni da Ogaki-san muka kama, muka sauke shi a daɓe kusa da taga, muka juya. Zaure da baranda da agogo da baho, duk abin da na yi ta riƙe numfashi a kansa, suka fuskanci bango. Kaka ta ja kujerarta da kanta har sai da gidan ya zama a ƙarƙashin gwiwoyinta. Ta zauna, wannan karon har baya.

Daga inda nake tsaye a bayanta na ga abin da take gani. Rufi ne toka-toka yana gangarawa, da jan kwano a gefe guda, da karkataccen bututu. Gangar ruwa, itace, sandar shanya. Bayan rufin kuma daɓen ɗakin ne, shuɗi mai sheƙi, rana ta zuba a kansa har bango, kuma na rantse na ɗan lokaci na ga yana motsi. Labule ya taso ya koma. Inuwar wani tsuntsu ta ratsa rufin ta wuce.

Jakar ta zame daga kafaɗarta ta sauka a cinya, ba ta kula ba. Ta ɓalle maɓallin sama, can ta ɓalle na biyu.

"Ba su hura wuta ba tukuna," ta ce. "Da saura."

Ogaki-san ta miƙa mata shayin, ta karɓa ba ta ɗaga kai ba. Muka zauna. Hasken ya yi ja, ya yi ruwan toka, lokacin da take tashi ya zo ya wuce ta gabanmu ba wanda ya gaishe shi. Kaka ta ce zafi take ji. Ogaki-san ta zare mata kwat ɗin hannu ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya riƙe da ita kamar mai jiran a ƙwace. Ba a ƙwace ba. Ta rataye ta a kabad ta rufe, ta dube ni, ta sunkuyar da kai sau ɗaya.

"A bar taga a buɗe," in ji Kaka. "In sun kira ba na ji."

Kawu ya gaji da shirun da ba shi ya kawo ba. Ya gyara hula ya ce wa Ogaki-san, da muryar da ake ji har baranda, "Duk daga nan ya fito," yana nuna goshinsa. "Ita yarinyar manna kawai ta yi. Inna, kin gane gida ko?"

"Ina gida mana. Ina kake so in kasance?"

"Kin ji," ya ce da ni.

"Ga gidan su Kurahashi nan a ƙasa," Kaka ta ce, tana nuni da haɓa. "Har yau ba su gyara bututun nan ba. Masu kuɗi sun fi kowa maƙo."

Kawu ya yi 'yar dariya, ya dubi Ogaki-san irin kallon a yi haƙuri da tsufa.

"Wane Kurahashi kuma, Inna? Gidanmu ne. Baranda, agogo, bahon hinoki. A gidan nan aka haife ni."

Kaka ta ɗago ta dube shi, tun daga hula har takalmi, sannan ta buga hannun kujerar da take zaune.

"A nan aka haife ka," ta ce. "Ɗaki ɗaya da murhu, a saman tudu. Can gidan su Kurahashi wanka kawai muke zuwa, in sun gama."